Fim bai fito ba an riga an ce zai kawo miliyar: daga ina masu hasashe ke samo lissafinsu?

Shekaranjiya da dare a fadarmu ta unguwar Zariya gardama ta kaure. Kuran ya tafi, shayi na biyu na kan garwashi, sai ƙanena ya ɗago waya ya ce "Yaya, ka ga wanga fim ɗin Indiya da ke tafe, an ce ranar farko kaɗai zai kawo kror 100, kuma Oscar tasa ce." Mai shayinmu ko kallon wayar bai yi ba ya ce ƙarya ce, fim ɗin da ko fitowa bai yi ba wa ya ƙirga kuɗɗinsa in ba duba suke yi ba. Wani ya ce ai masu fim ɗin ne ke biyan 'yan Facebook su rubuta. Kowa da ɗan gaskiyarsa amma dai an cakuɗa abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba, wato kuɗɗin da fim zai tara daban, kyautar da zai ci, irin Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka, daban. To ta yaya ake hasashen kowane ɗaya tun fim bai fito ba, kuma mi ya sa wanda ya fi tara kuɗɗi sau da yawa ba shi ke tafiya da kambu ba?

Kafin mu shiga, in na ce dala a nan dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa 5 ba, kar wani ya ce fim ɗin bai kai kuɗɗin buhun gero ba.

Mi ake nufi da bokis ofis?

Asalin kalmar sunan ɗan ɗakin nan ne da ake sayar da tikiti a ƙofar gidan silima, daga baya ta zama sunan jimlar kuɗɗin tikitin da aka saida. Tikiti kawai. Abin da fim ya samu a Netflix ko YouTube ko tele ba ya ciki, balle wanda ake tura mana a memori a bakin babbar kasuwa. Amurkawa suna raba lissafin gida biyu, na cikin gida wanda ya haɗa Amurka da Kanada, sai na sauran duniya. Indiyawa kuma da kror suke ƙirga, kror 1 rupi miliyan 10 ke nan, kuma fim ɗin Aamir Khan na 2008, Ghajini, shi ya fara tara kror 100 a cikin Indiya, daga nan aka maida wannan adadin mizanin fim ɗin da ya ci kasuwa. A Najeriya ƙungiyar masu gidajen silima ke fidda lissafi, nan aka ga A Tribe Called Judah na Funke Akindele, wanda ya fito a Disamban 2023, ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya wuce naira miliyar 1.

Wanda ke saman kowa har yanzu Avatar ne na 2009, dala miliyar 2.9 da ɗan wani abu, sai Avengers: Endgame na 2019 na biye da shi da kusan miliyar 2.8.

Kuɗɗin da aka tara ba riba ba ne

Nan ne mafi yawanmu ke zamewa. Mutum ya ji an kashe miliyan 200 a fim an tara miliyan 300 sai ya ce ai an ci ribar 100, ina. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa loda wake daga Maraɗi zuwa Jibiya ya san kuɗɗin da aka miƙo masa a can ba shi ne nasa ba, akwai mota, akwai 'yan dako, akwai dillali, akwai hanya. Gidan silima shi ke fara cire nasa, kusan rabin kuɗɗin tikiti, a Sin ma abin da ke komawa ga kamfanin Amurka kusan kashi 25 ne cikin 100. Sannan kuɗɗin talla ba ya cikin adadin da ake cewa an kashe wajen yin fim, kuma manyan finafinai tallarsu kaɗai na iya cin miliyan 100 ko fiye. Shi ya sa masu lissafin ke da wata ƙa'ida ta gwaji, fim sai ya tara wajen ninki biyu da rabi na abin da aka kashe masa kafin a ce ya maida uwar kuɗɗi. Na miliyan 200 ke nan sai ya kai wajen 500.

Ɗauki Joker. Na farko a 2019 bai ci fiye da miliyan 70 ba wajen yi, ya tara sama da miliyar 1, jarumin Joaquin Phoenix ya ɗauki Oscar. Na biyu a 2024 ya ci kusan miliyan 200, ya tara miliyan 200 da 'yan kai a duk duniya. Wanda bai san lissafi ba zai ce an fita kunnen doki, alhali asara ce mai kauri.

Kayan aikin masu hasashe

Ba duba ba ne, kuma ba wahayi ba ne. Kamar yadda tsohon manomi ke duban yadda ruwan farko ya sauka da yadda shuka ta tsiro ya ce bana in Allah ya yarda za a samu, haka su ma alamomi suke tarawa, sai dai nasu a kwamfuta.

Babba a ciki shi ne tambayar jama'a. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, kamar NRG a Amurka, kusan sati uku kafin fim ya fito suna tambayar mutane kun ji labarin fim kaza, kuna da niyyar zuwa, in fim ɗaya za ku gani wanga satin wane ne, kuma suna raba amsar maza da mata, matasa da manya. Daga nan sai su gwada amsar da ta wasu finafinan da suka gabata masu kama da shi, su ce tunda wancan ya nuna irin wagga alama kuma ya buɗe da kaza, wanga ma zai buɗe tsakanin kaza da kaza. Lura, tsakani suke faɗa. Duk wanda ya ba ka lamba ɗaya tak ya rantse a kanta to masoyin jarumi ne ba mai lissafi ba.

Sai tikitin da aka saya tun kafin ranar, wanda shi ya fi ƙarfi don wannan kuɗɗi ne a ƙasa ba alkawari ba. Sai yawan gidajen da za a haska shi, babban fim a Amurka yana buɗewa a gidaje sama da 4,000 lokaci guda. Sai yawan waɗanda suka kalli tallar fim a intanet, wadda ni dai ban cika yarda da ita ba, don kallon talla kyauta ne, mu nan ma muna kallo mu ƙara musu lamba alhali ba tikitin da za mu saya.

Lokaci ma babban abu ne. Amurkawa suna ajiye manyan finafinansu ga hutun bazara da na Kirsimeti, Indiyawa ga Diwali da Sallah, Salman Khan ya daɗe yana sakin finafinansa da Sallah, 'yan Legas kuma Disamba suke kokowa a kanta. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, tela da mai takalma sun san satin da ake ciniki. Kuma in giwaye biyu suka haɗu a sati ɗaya galibi ɗaya sai ta janye.

Juma'ar da za ta yi kyau

Hausawa suka ce tun daga Laraba ake gane ta, su kuma masu fim daga daren Alhamis, don a nan ake fara haskawa ga masu zumuɗi. Kuɗɗin daren Alhamis da na Juma'a suna shigowa sai a gyara hasashen Asabar da Lahadi, kafin Lahadi da rana an riga an fidda ƙiyasin kwana ukun. Endgame a kwanakin farko ya tara miliyan 357 a cikin gida, miliyar 1.2 a duniya.

Amma buɗewa da ƙarfi talla ce ke kawo ta, abin da ke riƙe fim bakin mutane ne. Akwai wani kamfani, CinemaScore, da ke tare mutane a ƙofa daren farko a ba su kati su ba fim maki daga A+ zuwa F. Waɗannan mutane ne da suka zo da son fim ɗin a ransu, saboda haka in suka ba da B ma an fara jin tsoro, in suka ba da C to a shirya. Joker na biyu D suka ba shi, sati na biyu kuɗɗinsa ya faɗi da sama da kashi 80, alhali faɗuwar da aka saba gani wajen rabi ce. A Indiya ma an ga irin haka da Thugs of Hindostan a 2018, ga Aamir Khan ga Amitabh Bachchan ga hutun Diwali, ranar farko ya wuce kror 50, waɗanda suka shiga suka fito suka faɗa wa na waje, cikin 'yan kwanaki kasuwar ta watse.

Akwai kuma mai tafiyar kunkuru. Avatar da miliyan 77 kawai ya buɗe a cikin gida, amma ya ci gaba da tafiya har ya kai kusan 750, kusan ninki goma ke nan, inda yawancin manyan finafinai ninki biyu da rabi zuwa uku suke yi. Titanic na 1997 sati 15 a jere yana na ɗaya, don mutane sun riƙa komawa suna sake kallo suna jawo wasu. Wannan komawar ita ce babu tambayar jama'ar da ke iya hango ta tun fim bai fito ba, shi ya sa hasashen satin farko ya fi na jimla inganci nesa ba kusa ba.

Wani abu da ake yawan fassarawa ba daidai ba shi ne makin Rotten Tomatoes, wani shafin intanet da ke tara ra'ayin masu sharhin fim. In an ce fim na da kashi 90 ba wai ya ci 9 cikin 10 ba ne, ana nufin cikin masu sharhi 100, guda 90 sun ce ba laifi. Fim mai dama-dama da bai ɓata wa kowa rai ba na iya samun haka.

Inda lissafin ke watsewa

Ranar 21 ga Yulin 2023 aka saki Barbie da Oppenheimer tare. Bisa ƙa'ida ya kamata su ci juna, sai jama'a suka maida abin wasa a intanet, aka riƙa zuwa kallon duka biyun rana ɗaya. Masu hasashe sun tsaya wajen miliyan 100 ga Barbie, ya buɗe da 162, ya ƙare da sama da miliyar 1.4. Oppenheimer kuwa, fim na awa uku kan masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya, yawancinsa zance ne cikin ɗaki, ya wuce miliyan 900. A 2025 wani katun na ƙasar Sin, Ne Zha 2, ya wuce miliyar 2, kusan duka daga cikin Sin ɗin. Shah Rukh Khan bayan Zero ya faɗi a 2018 an yi ta cewa zamaninsa ya wuce, ya yi shekara huɗu bai ja fim ba, ya dawo a 2023 da Pathaan da Jawan kowanne ya wuce kror 1,000.

Dalilin a fili yake, lissafin nan jiya yake dubawa ya faɗi gobe. In abin da ke tafe ya yi kama da na jiya sai ya dace, in sabon abu ne ko mutanen da ba su saba zuwa silima ba suka fito, sai ya sha ƙasa. Mu da ke bin kokowa mun san wannan, kowace shekara kafin a fara neman takobi kowa na da gwaninsa da hujjojinsa, sai wani yaro da ba a lissafa da shi ba ya kada babba cikin minti ɗaya.

Kyauta kuma wani fage ne daban

Bokis ofis miliyoyin mutane ke yanke shi da aljihunsu. Oscar kuwa mutum dubu goma da ɗoriya ke yanke ta, 'yan wata ƙungiya ta masu sana'ar fim da ta fara ba da kyautar tun 1929. Saboda haka mai hasashen Oscar ba ya tambayar mi jama'a ke so, tambayarsa mi waɗannan mutanen za su zaɓa. A matakin farko kowane ɓangare ke fidda 'yan takararsa, jarumai su zaɓi jarumai, daraktoci su zaɓi daraktoci, a matakin ƙarshe kowa ya jefa ƙuri'a.

Hanyar gane inda suka karkata ita ce bin sawu. Fim ya fara bayyana a bikin Cannes na Faransa cikin watan Mayu, ko na Venis da Toronto wajen Satumba, a ga yadda aka karɓe shi. Daga Janairu sai ƙananan kyaututtuka su fara fitowa, Golden Globe, BAFTA ta Ingila, sai na ƙungiyoyin furodusoshi da daraktoci da jarumai. Waɗannan na ƙarshen su masu hasashe suka fi sa wa ido, don wasu daga masu zaɓe a can su ne dai za su sake zaɓe a Oscar.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Babbar kyautar, ta fim mafi kyau, ba a cin ta da yawan ƙuri'ar farko kawai. Kowane mai zaɓe jera finafinan yake yi, na ɗaya, na biyu, na uku har ƙasa, sai a cire wanda ya zo ƙarshe a raba ƙuri'unsa ga zaɓi na biyu na mutanensa, haka har wani ya wuce rabi. Mu 'yan Nijar ba sai an yi mana dogon bayani ba, a 1993 Tandja ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma Mahamane Ousmane ya ci a zagaye na biyu da ƙuri'un 'yan ƙawance. To haka fim ɗin da wasu ke mutuwar so wasu ke ƙi jini yakan sha kaye a hannun wanda kowa ya sa shi na biyu.

Duk da bin sawun ana shan mamaki. A 2020 fim ɗin 1917 ya kwashe ta furodusoshi da ta daraktoci da BAFTA, kowa ya ce an gama, sai Parasite na Koriya ta Kudu ya ɗauka, karo na farko da fim ɗin da ba na Turancin Ingilishi ba ya ci babbar kyautar. A 2017 La La Land ya shigo da takara 14, har an kira sunansa a bisa kuskure mutanensa sun hau dandamali suna godiya kafin a gano Moonlight ne ya ci. A 2025 Emilia Pérez na gaba da takara 13, sai aka tono tsofaffin rubuce-rubucen jarumar a Twitter, ya tashi da 2 kacal. A daren nan Anora, da aka yi da miliyan 6 kuma bai tara 60 ba, shi ya ci 5 har da babbar, kuma Inside Out 2 da ya fi kowane fim tara kuɗɗi a 2024 ya rasa kyautar katun a hannun Flow, wani ɗan fim daga Latviya. Kuɗɗi da kambu suna haɗuwa wani lokaci, Titanic ya ci 11, Oppenheimer ya ci 7, amma Barbie da ya fi shi kasuwa ɗaya ya samu, ta waƙa.

Kuma kar a ɗauka zaɓen na tafiya haka nan fisabilillahi. Yaƙin neman zaɓe ake yi sosai, a shirya wa masu ƙuri'a kallo, a cika jaridu da talla, jarumai su yi wata da watanni suna yawon hira, ƙaramin fim ma kuɗɗin kamfen ɗinsa na iya fin kuɗɗin yinsa.

Mu fa, ina muke a ciki?

Ƙofar da finafinanmu ke iya bi ita ce ta fim ɗin ƙasashen waje, kowace ƙasa fim ɗaya take turawa ta hannun kwamitinta, kuma dole fiye da rabin maganar ya zama ba Ingilishi ba, daga nan a tace zuwa 15, a sake tacewa zuwa 5. Wagga ƙa'ida ce ta kori Lionheart na Genevieve Nnaji a 2019, don Ingilishi ya yi masa yawa. Nijar ta fara turawa a 2018 da Zin'naariyâ na Rahmatou Keïta. A 2024 Najeriya ta tura Mai Martaba, fim ɗin Hausa, na tuna yadda aka yi ta yaɗawa a WhatsApp cewa fim ɗin Hausa ya shiga Oscar, wasu har da cewa ya ci. Turawa aka yi, abin alfahari ne ƙwarai, amma bai shiga cikin 15 ɗin ba, kuma tsakanin a tura ka da a kira sunanka a daren akwai tafiya.

Namu fagen na kusa FESPACO ne, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, wanda aka fara a 1969, kuma lokacin da aka ƙirƙiro babbar kyautar Dokin Yennenga a 1972 ɗan Nijar ne ya fara ɗauka, Oumarou Ganda da Le Wazzou polygame. Irin waɗannan bukukuwan, har da Cannes, 'yan alƙalai kaɗan ne ke kulle kansu a ɗaki su yanke, ba sawun da za ka bi, don haka hasashensu ya fi na Oscar wuya.

Batun kuɗɗi kuwa, gaskiyar magana mu ba a ƙirga mu. Tsofaffin gidajen silima sun mutu, kallonmu ya koma waya, ka ba mai tura fim dala ashirin tamu ta sefa ya cika maka memori da Indiya-Hausa, ko sisi ba ya isa ga wanda ya yi fim ɗin. Kannywood ma da kaset da faifai suka mutu a hannun masu kwafi sai ta koma masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, mizanin ya koma yawan kallo a YouTube, kuma shi ma akwai lauje cikin naɗi, don kallo miliyan ɗaya daga Maraɗi da Kano ba ya biyan abin da miliyan ɗaya daga Turai ke biya, masu talla ba farashi ɗaya suke sa mana ba.

Wa ke amfana da hasashen?

Gidan silima na buƙatarsa don ya san ɗaki nawa zai ba fim. Kamfanin fim kuma wasa yake da shi, sau da yawa su kan faɗi adadi ƙasa da abin da suke tsammani don in an wuce a ce fim ya ba da mamaki. A Indiya kuwa ana yawan zargin akasin haka, a kumbura lamba a fosta ko a saye tikiti da yawa don a ce ɗaki ya cika. Sai shafukan masoya, waɗanda lamba makami ce gare su na zagin jarumin wasu, kuma daga nan mafi yawan abin da ke faɗowa wayoyinmu yake fitowa. Sai 'yan caca, don har kan Oscar ana zuba kuɗɗi kamar pari na ƙwallo.

Abin da ke iso mu daga duk wannan shi ne irin finafinan da ake yi. Tunda lissafin ya fi natsuwa da abin da ya taɓa gani, masu zuba jari sun fi sakin kuɗɗi ga kashi na biyu da na uku da na huɗu na labarin da ya riga ya ci, shi ya sa in ka duba memorin ƙanena rabin sunayen da lamba suke ƙarewa. Na tambaye shi inda ya samo zancen kror 100 ɗin, ya nuna mini, wani shafi ne mai hoton jarumin a goshi da tutar wuta uku. Mai shayi ya miƙo na uku, kuran bai dawo ba, wayar ta ce saura kashi 4.